Ratsin Ɗorawa a Zanen Kaka

Cikin dukan abin da mamaci ke bari, tufa ce mafi wuyar rabo. Gona ana auna ta, kuɗi ana ƙidaya su, gida ana yi masa ƙima a ba kowa haƙƙinsa. Ita kuwa tufa an ɗinka ta ne bisa jikin mutum guda, ta ɗauki tsawonsa da kaurinsa, har da yadda yake zama da tashi. Wanda ta faɗo hannunsa, ko dai ya ninke ta ya ajiye asu ya ci, ko ya sa ta ya shiga mutane su riƙa hangen mamacin a jikinsa. A ƙasar Sikotilan, wadda masu Faransanci ke kira Ekos, akwai tufa guda da wannan al'amari ya fi shafa, ita ce kilti. Zane ne na ulu da maza ke ɗaurawa daga cibiya zuwa gwiwa, gabansa a shimfiɗe, bayansa ninki-ninki. Saƙarsa gida-gida ce ta launuka masu ratsa juna, ita ake kira tartan, kuma duk wanda ya taɓa sayen yadin ekose a kanti ya san kamanninta. Kilti na ƙwarai yakan fi mai shi tsawon rai, shi ya sa a gidaje da yawa yake bin hannu daga kaka zuwa jika.

Wani malamin lissafi a wata makarantar sakandare ta birnin Abadin, a gaɓar arewa maso gabashin ƙasar, ya gaji irin wannan kilti daga kakansa na wajen uwa. Shekarunsa 34 da haihuwa bai taɓa ɗaura kilti ba, ko na haya. A ganinsa wannan kaya ne na masu busa algaita mai salka da masu rakiyar ƴan yawon buɗe ido. Kiltin ya yi shekaru a ƙasan akwati, ba wanda ya taɓa shi, har aka sa ranar auren ƙanwarsa. Bisa al'adarsu uba ne ke riƙe hannun ɗiyarsa ya raka ta gaban jama'a ya miƙa ta ga ango. Mahaifinsu ya riga mu gidan gaskiya, don haka nauyin ya faɗo kan wan. Mahaifiyarsa ta kira shi ta ce: “Ɗana, abu ɗaya nake roƙo gare ka. Ka raka ƙanwarka cikin zanen babana.” Wata huɗu ya rage a yi bikin, kuma roƙon uwa ba abin da ake kau da kai gare shi ba ne.

Da aka warware kiltin sai ga saƙa mai duhu, tsanwa da shuɗi da baƙi, da wani siririn ratsi ruwan ɗorawa da ke keta ta tsaye da kwance. A gidan tun fil azal ana ce masa “tartan ɗin gidanmu”, ba wanda ya taɓa tambayar wane gida ake nufi. Malamin kuwa sana'arsa ta hana shi karɓar amsa ba tare da ya ga lissafin da ya haife ta ba. Ya gano cewa kowane tartan yana da ƙidayarsa: zare kaza na baƙi, kaza na shuɗi, kaza na tsanwa, a jere, a mafi yawansu har a kai wani wuri a juyo da baya kamar hoto cikin madubi, kuma jerin zaren tsaye shi ne na kwance. Ya ɗauki allura ya ƙirga zaren ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta, sa'an nan ya gwada da abin da ke cikin Rajistar Tartan ta Sikotilan, wadda majalisar dokokin ƙasar ta kafa da dokar 2008, ta soma aiki a watan Fabrairu na 2009, kuma take ɗauke da dubban saƙe-saƙe. Sunan da ya fito shi ne Godon. A iyakar abin da aka sani na asalinsu, ta uwa da ta uba, babu Godon ko ɗaya.

Wata dattijuwar tela, wadda ta yi shekaru aru-aru ba ta ɗinka kome sai kilti, ita ta warware masa ƙullin. Tana ɗaga shi ta ji nauyinsa ta ce na soja ne. Ta nuna masa alamomin: yadin ya fi na farar hula kauri, an daje bakinsa na sama da koren ƙyalle, ƙugunsa ya haura sama har kusan haƙarƙari, kuma an tsara ninkin baya yadda kowane ninki zai fito da ratsin ɗorawa a tsakiyarsa. Wannan kayan rundunar Godon ne, wadda aka kafa a 1794, ta riƙa ɗibar samari daga Abadin da ƙauyukan kewayenta har 1994 da aka haɗe ta da wata runduna. Kakan yana cikin samarin da aka ɗiba aikin soja na tilas a shekarun 1950. Ya yi shekara biyu, ya dawo ya kama aikinsa na tashar jiragen ruwa, bai cika zancen abin da ya gani ba. Ashe “gidan” da ake faɗa bariki ne.

Nan fa hankalin malamin ya rabu biyu. Shi ba Godon ba ne, bai kuma taɓa riƙe bindiga ba. Ya ji tsoron ya tsaya gaban dangin ango cikin kayan da ba shi da gadon jini a kansu, wani ya tambaye shi ya rasa ta cewa. Zanen aro, an ce, ba ya rufe katara. Mahaifiyarsa kuwa ba ta ga abin damuwa ba. Ita abin da ta sani mahaifinta ne ya ɗaura shi ranar da ya auri mahaifiyarta, sauran bayani na masu littafi ne. Sai malamin ya koma ga masu littafin, yana neman sanin wanda ke da ikon hana shi.

Abin da ya tarar ya saɓa wa abin da masu kantuna ke faɗa wa baƙi. Saƙar gida-gida tsohuwa ce a ƙasar, babu gardama. An tono wani ƙyalle a Falkak da ya kai ƙarni na 3, kuma a 2023 bincike ya nuna wani tartan da aka samo cikin taɓon kwarin Afrik an saƙa shi tsakanin 1500 da 1600. A ƙarshen ƙarni na 16 mutanen tsaunukan arewa, masu harshen Gelik, suna yafa wani babban bargo, su tattara shi su ɗaure da ɗamara, rabi ya sauka gwiwa, rabi ya rufe kafaɗa, da dare kuma su lulluɓa da shi. Kilti na yau rabin ƙasa ne na wannan bargo, ya bayyana a farkon ƙarni na 18. Wasu marubuta na jingina ƙirƙirarsa ga wani ɗan Ingila mai suna Tomas Rolinsan, mai masana'antar narka ƙarfe a Inbagari, wasu kuma na musun haka. A duk wannan zamani mutum yakan sa launin da masaƙin garinsu ya iya rinawa da wanda aljihunsa ya iya saye. Babu wata ƙa'ida da ta keɓe wa kowace zuri'a saƙarta.

Sai aka yi yaƙin Kuloden ranar 16 ga Afrilu 1746, inda sojojin gwamnatin Landan suka murƙushe magoya bayan gidan sarautar Situwat. A wannan shekara aka yi dokar da ta haramta wa maza da yara maza kayan mutanen tsaunuka, ta soma aiki a watan Agusta na 1747. Wanda aka kama karo na farko ɗaurin wata shida, karo na biyu a kai shi ƙasashen ƙetare shekara bakwai. Sojojin sarki kaɗai aka ɗage wa. Shekara 35 dokar ta yi kafin a soke ta a 1782, kuma cikin waɗannan shekaru bariki ne ya riƙe kilti. Saƙar rundunar Bilak Woc, mai duhun tsanwa da shuɗi da baƙi, ta zama uwa ga sauran. Sababbin rundunoni da dama sai suka ɗauke ta suka ƙara ratsi don a bambanta su. A 1793 wani masaƙi na garin Hantili, Wiliyam Fosait, ya aika wa basaraken gidan Godon samfura da ya ƙara wa ratsin ɗorawa, basaraken ya zaɓi mai ratsi ɗaya domin sojojinsa. Daga baya ne zuri'ar Godon ta ɗauki saƙar ta mai da ita tata. Wato tartan ɗin da ke hannun malamin na soja ne kafin ya zama na dangi.

Sauran labarin ma haka yake. Kamfanin masaƙa na Wiliyam Wilsan da ƴaƴansa a Banokban yana da kundin samfura na 1819, inda saƙe-saƙe da dama lamba kawai gare su ko sunan gari, sai daga baya aka laƙaba musu sunayen zuri'a. A 1815 Ƙungiyar Mutanen Tsaunuka ta Landan ta nemi shugabannin zuri'o'i su aiko da tartan ɗinsu da hatiminsu a kai, shugaban gidan Makdonal ya amsa cewa shi kansa bai san ainihin nasu ba, a taimaka a binciko masa. A watan Agusta na 1822 Sarki Joji na Huɗu ya ziyarci Edinbara, marubuci Walta Sikot ya tsara bukukuwan, sarkin ya fito cikin kilti, manyan ƙasa suka yi rububin zuwa wurin masaƙa kowa na neman “na gidansu”. A 1842 wasu ƴan'uwa biyu da ke iƙirarin jinin sarautar Situwat suka buga littafin Vestiarium Scoticum, suka ce daga wani tsohon rubutu suka kwafo shi. Masana sun tabbatar ƙage ne, amma saƙe-saƙen da ke ciki sun zauna daram, musamman na gidajen kudancin ƙasar irin su Hamilton da Kar da Makswel, waɗanda kakanninsu ba su san kilti ba. Sunan mahaifin malamin yana cikin irin waɗannan gidaje. Da ya ce zai je kanti ya sayi “nasa na gaskiya”, da abin da zai samu ya fito ne daga alƙalamin waɗancan ƴan'uwa biyu.

Mai gaggawar hukunci zai ce ke nan duk abin ƙarya ne, a yar da shi. Malamin bai tsaya nan ba. Ya lura cewa saƙar da aka ƙaga a 1842 an yi aure cikinta, an yi jana'iza cikinta, an kai ta Kanada da Ostireliya cikin akwatunan masu ƙaura, shekara sama da 180 ke nan. Abin da mutane suka daɗe suna riƙo haka ya zama nasu, ko da mafarinsa bai kai tsufan da ake ba shi ba. Laifin yana ga mai koya wa yara cewa kakannin kakanni sun je yaƙi kowa da launin gidansu, alhali tarihi bai ce haka ba. Ya kuma gano babu dokar ƙasa da ta hana mutum ɗaura tartan ɗin zuri'ar da ba tasa ba. Abin da ke akwai ladabi ne. Tartan ɗin Balmoral, wanda Yarima Albat mijin Sarauniya Biktoriya ya tsara a 1853, an bar wa gidan sarauta. Gashin gaggafa uku a hula na shugaban zuri'a ne. Lambobin runduna na wanda ya yi mata aiki ne. Wanda ba shi da zuri'a yana iya ɗaukar na gundumarsu, ko ɗaya daga waɗanda aka sakar wa kowa, kamar Bilak Woc. Har launi guda yana zuwa iri-iri: mai duhu da ake kira “na zamani”, wanda ya biyo bayan rinin kimiyya da aka gano a 1856, da mai haske da ake kira “na da”, alhali a ƙarni na 20 aka fito da shi don ya yi kama da rinin itatuwa.

Hanya uku ke nan a gabansa: ya ɗinka sabo da sunan mahaifinsa, ya yi hayar na kowa da kowa, ko ya ɗaura na kakansa. Ya auna su yadda yake auna amsar ɗalibi. Na farko suna ne kawai ya haɗa su, domin mahaifinsa bai taɓa sa shi ba. Na biyu ba ya faɗin kome game da kowa. Na uku kaɗai ne wani nasa ya yi gumi a ciki. Ya yanke shawara zai ɗaura shi ba tare da ko lamba ɗaya ta soja ba, kuma duk wanda ya tambaya zai gaya masa gaskiya: na kakansa ne, a bariki ya same shi.

Saura a ga ko zanen zai karɓe shi. Gadon gida alala ga raggo. Kakan yana ɗan shekara 19 aka auna shi, siriri kamar kara, jikan kuwa ya yi shekara goma yana zaune yana gyaran takardun jarrabawa. Dattijuwar ta bayyana masa cewa kilti cikakke yana cin yadi takwas, sama da mita bakwai, nauyinsa ya kusa kilo biyu, na soja ma ya fi. Daga ƙugu zuwa katara ana ɗinke ninkin da hannu, a yanke rarar yadin da ke ciki don kada ya yi tudu, a rufe da shafi. Abin da aka yanke ba ya dawowa, saboda haka buɗa kilti yana da iyaka. Ƙasansa kuma ba shi da kalmasa, bakin saƙa ne da kansa, mai son rage tsawo sai ya taɓa sama. Ta auna shi sau biyu ta ce ba za ta sa almakashi ba. Za ta matsar da maɗauran fata da ƙarafunansu wajen santimita biyar, ta ɗan saki gefen shafin gaba, shi kuma ya ɗaura shi can sama inda soja ke ɗaurawa. Asu ya yi ɓarna wuri uku. Ta zaro zare daga wani lungu na ciki da ido ba ya gani, ta saƙe ramukan, launi bisa launi. Aikin ya ci mako biyar.

Ɗaurawar ma karatu ce. Ana fara kawo shafin dama ya rufe gaba, a zura maɗaurinsa ta wata kafa a gefen hagu a ɗaure, sa'an nan shafin hagu ya hau kansa a ɗaure a dama, tsakiyar saƙar ta daidaita da cibiya. Bakin ƙasa ya tsaya a kan ƙoƙon gwiwa. In ya sauka ƙasa da haka ya zama na mai makoki, in ji dattijuwar, in ya haura ya zama na yaro. Kilti ba shi da aljihu, don haka ake rataya jakar fata da ake kira siforan a gaba, kamar faɗin tafin hannu ƙasa da ɗamara, nauyinta kuma yana danne zanen in mutum ya zauna. Ana maƙala wani ƙarfe mai ado a kusurwar shafin sama don iska, amma ba a haɗa shi da na ƙasa, in ba haka ba yadin zai yage. Doguwar safa tana tsayawa ƙasa da gwiwa kaɗan, a naɗe bakinta. Akwai ƴar wuƙa da ake sokewa cikin safar, wadda dokar ƙasar ta yarda da ita in tana cikin kayan gargajiya. Malamin ya ce shi mai shiga aji ne, ya bar ta.

Dattijuwar ta gargaɗe shi kada ranar biki ta zama ranar farko. Wanda bai saba ba ana gane shi daga nesa: yana jan zane, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, yana zama ya murƙushe ninkin. Sai ya riƙa ɗaura shi kowace Lahadi. Ya koyi share ninkin da hannu biyu kafin ya zauna, ya koyi durƙusawa maimakon sunkuyawa, ya koyi hawan bene. A mako na uku ya fita da shi sayen burodi, iskar tekun Abadin ta yi masa gwajin da ba a yi a ɗaki. Ya haɗu da biyu daga cikin ɗalibansa, suka ƙunshe dariya, washegari dukan ajin sun ji labari. Bai yi fushi ba. Ya zana ƙidayar zaren a allo ya mai da ita darasin daidaiton ɓangare biyu, ya ce kowa ya tambayo abin da ke cikin akwatin gidansu. Wata yarinya da iyayenta suka zo daga Folan ta tambaye shi ko ita ma tana iya samun tartan. Ya ce mata rajistar a buɗe take ga duk wanda ya tsara sabuwar saƙa, kuma gidajen da ke alfahari da tasu a yau ta haka suka fara.

Ranar bikin ya riƙe hannun ƙanwarsa ya raka ta, mahaifiyarsu na layin gaba tana share ido. Da dare, ana tsakiyar rawa, wani tsoho daga dangin ango ya dogara sandarsa ya zo ya tsaya yana duban ninkin bayan. Ya tambayi malamin wace bataliya ya yi. Malamin ya ce: “Baba, ban yi soja ba. Na kakana ne, shi ya yi.” Tsohon ya tambayi shekarun, ya ƙirga da yatsu, ya ce shi ya shiga bayan kakan ya fita. Ya sunkuya ya gyara masa bakin safar hagu da ta zame, ya ce a zamaninsu da an hana shi fita bariki saboda wannan, sa'an nan ya koma kujerarsa.

Bayan biki aka shanya kiltin a inuwa kwana biyu ya sha iska, domin ulu ba ya son yawan wanki, aka goge shi da buroshi, aka rataye shi da guntayen katako mai ƙamshi da ke korar asu. Malamin ya ɗauki takarda ya rubuta sunan saƙar da ƙidayar zarenta, da sunan rundunar, da shekarun da kakan ya yi a cikinta, da ranar auren kakan da ta auren ƙanwar, da wuraren uku da aka saƙe, da santimita biyar da aka ƙara. Ya ninke ta ya sa cikin siforan. Ƙanwar tasa ta ce in Allah ya ba ta ɗa namiji, ita ta riga kowa kamu.